Tad fati ko cikakkiyar inshora? Amsa ga ɗan'uwanmu mai sabuwar Corolla

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ɗan'uwanmu da ya yi tambaya shekaranjiya, da farko Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya, ya sa a kashe lafiya. Ga waɗanda ba su ga tambayar ba, cewa ya yi ya sayi Corolla ta hannu a kan naira miliyan 8, kuɗin da ya daɗe yana tarawa har da na adashi, da ita zai riƙa zuwa ofis nan cikin Katsina, ƙarshen mako kuma ya leƙa gida Daura, to shin ya yanki inshorar dubu 15 da kowa ke yanka, ko ya shiga babbar da aka ce mashi sai ya ajiye dubu ɗaruruwa duk shekara. Na ga wani ya amsa mashi da cewa duk ɗaya ne, takarda ce kawai ta nuna wa 'yan sanda a shingen hanya. Wannan amsar ce ta hana ni yin shiru, don wallahi ba ɗaya ba ne, kuma irin wannan tunanin ya taɓa jefa gidanmu cikin wahala.

Bari in fara da ƙaramar, wadda ake ce wa tad fati. Ƙanena, abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne wannan inshorar ba ta motarka ba ce sam, ta mutumin da ka yi wa ɓarna ce. Ka bugi motar wani, ko ka rushe katangar wani, ko Allah ya kiyaye ka ture mai tafiya a ƙasa, kamfanin ne zai biya shi a madadinka. Taka motar kuwa ko ta koma kamar gwangwani ba ruwansu, kai da bakanike da mai gyaran jiki ne, daga aljihunka. A sace ta ba ruwansu, ta kama da wuta ba ruwansu. Da kuɗinta naira dubu 5 ne, abin da za a biya wa wanda ka ɓata wa dukiya kuma bai wuce miliyan 1 ba, sai hukumar inshora ta ƙasa NAICOM ta sauya farashin daga 1 ga Janairu 2023, ya koma dubu 15 ga motar gida, iyakar biyan ɓarnar dukiya ta koma miliyan 3. Keke napep dubu 5 ne, babur dubu 3, manyan motocin kaya dubu 100. Ita wannan miliyan 3 ta dukiya ce kawai, maganar rauni ko rai ba a yanka mata wannan iyakar ba. Kuma ita doka ce, ba ganin dama ba, tun zamanin Turawa dokar take, sai dai an daɗe ana sakaci da ita har zuwa 1 ga Fabrairu 2025 da rundunar 'yan sanda ta fara matsawa a kanta a duk ƙasa.

Cikakkiyar kuma, wadda 'yan kamfani ke kira kwamfirihensif, duk abin da tad fati ke yi tana yi, sannan ta ƙara da taka motar. Hatsari ko da kai ne da laifi, gobara, sata, duk suna ciki. Kuɗinta ba yankakke ba ne kamar na ƙaramar, da darajar mota ake lissafi, kuma a sanarwar nan ta NAICOM an ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin motar. Kenan kai mai motar miliyan 8, lissafinka dubu 400 a shekara. Dubu 15 a nan, dubu 400 a can, na san da ka ji ƙirjinka ya buga, kowa ma haka.

To amma a ina bambancin yake fitowa? Ka ɗauka ka taso daga Daura da yamma, ka wuce Mashi, ga damina hanya ta jiƙe, ga shanu sun ɓullo daga gona suna tsallakawa, ka kauce ka faɗa rami mota ta juya. Kai ka fita lafiya alhamdulillahi amma mota ta tashi daga aiki. Ba ka bugi kowa ba, don haka mai tad fati ko sisi ba zai gani ba, sai dai jama'a su zo jaje, ya sayar da ragowar ga masu kayan gyara ya koma hawan babur. Mai cikakkiya kamfani zai turo mai duba ɓarna, in gyara ne su biya gareji, in ta wuce gyara su ba shi kuɗin mota bayan sun cire abin da yarjejeniya ta ce a cire, su ɗauki gawar motar. Haka in ka ajiye ta a bakin kasuwa ko wajen ɗaurin aure ka fito ba ka gan ta ba. Yanzu juya labarin, a cikin gari ne wajen shataletalen Ƙofar Ƙaura birki ya ƙi kamawa ka shiga bayan wata jif mai tsada. A nan su biyun duk za su biya mai jif, sai dai mai tad fati zai gyara gaban motarshi da kanshi, kuma in ɓarnar ta haura miliyan 3, wanda a tsadar kayan mota ta yanzu ba abin mamaki ba ne, ragowar a wuyanshi take.

Abin da ya faru a gidanmu kenan, ko in ce wanda ya fi shi muni. Yayana ya ba wani mutum kuɗi ya sabunta mashi takardun mota gaba ɗaya, aka kawo mashi har da takardar inshora mai tambari da sa hannu, shekara da shekaru yana nuna ta a hanya ba wanda ya taɓa cewa komai. Ranar da ya bugi motar wani bawan Allah muka ɗauki takardar muka tafi neman kamfanin, sai aka ce mana lambar da ke jiki ba ta cikin rajistarsu, ba su san da zamanta ba. Mutumin da aka buga ya yi mana mutunci ƙwarai, dattawa suka shiga aka yi sulhu, amma duk da haka sai da aka kai shanu biyu kasuwa kafin aka rufe maganar. Har yau in na tuna fuskar yayana a ranar sai zuciyata ta sosu, don ba ƙin bin doka ya yi ba, ya biya kuɗi, cutarshi aka yi.

Shi ya sa nake roƙonka, ko wacce ka zaɓa, ka tabbatar ta gaske ce. Duk wanda ya ce zai yi maka tad fati a dubu 3 ko dubu 5 a yau, takarda kawai zai buga maka. Akwai rajistar da kamfanonin inshora suke da ita mai suna NIID, kana iya danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motarka, ko ka shiga shafinsu na intanet, in ta gaske ce za ka ga sunan kamfani da ranar da za ta ƙare. Minti biyu ne. Ku ma sauran 'yan zaure masu motoci don Allah ku gwada yau ɗin nan.

Kada kuma ka ɗauka cikakkiyar ba ta da nata ƙaiƙayi, tana da shi, kuma gara ka san shi tun kafin ka biya. Akwai wani kaso da ake rubutawa wanda kai za ka fara ɗauka a kowace ɓarna kafin kamfani ya ɗora nashi, don haka ƙaramin abu kamar fashewar madubin gefe ko ƙarzuwar bamba da 'yan acaba ke yi mana kullum, sau da yawa bai ma kai a kai musu ba. Lalacewar tsufa ba ta ciki, inji ya buga don ba ka zuba baƙin mai ba, ko giya ta mutu, ko tayoyi sun cinye, wannan naka ne. In ka rubuta motar gida ce sannan ka riƙa ɗaukar fasinja a tasha ranar Juma'a don rage kuɗin mai, ranar da abu ya faru suna iya ƙin biya, kuma gaskiyarsu ce. In ka ba ƙaninka wanda ba shi da lasisi ya fita da ita, nan ma haka. Wasu suna rage darajar mota a takarda don kuɗin ya sauka, mota ta miliyan 8 su rubuta miliyan 4, to ranar biya da miliyan 4 za a yi lissafi, ko gyara ne ma rabi za a ba su. Sannan ambaliyar ruwa da tarzoma ba kowane kamfani ke sa su kai tsaye ba, wasu sai ka nema an ƙara, ka tambaya kuma ka ga an rubuta, kada ka tsaya ga maganar baki. In abu ya faru ka ɗauki hotuna a wurin, ka sanar da su da wuri, ka samo rahoton 'yan sanda musamman in sata ce, kada ka kai mota gareji a fara bugawa kafin mai dubawarsu ya gani.

Na san abin da ke zuciyar da yawanmu a nan bai wuce maganar addini ba, ni ma shi ya daɗe yana riƙe ni. Malamai da yawa suna da magana a kan inshorar da aka saba saboda riba da rashin tabbas da ke cikinta. To yanzu akwai takaful, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful. Yadda yake, kuɗin da kuka zuba gudummawa ce a asusu ɗaya, wanda tsautsayi ya faɗa wa a ɗiba a taimaka mashi, kamfani yana karɓar ladan kula da asusun, ba a juya kuɗin a harkar da ke da kuɗin ruwa, akwai malamai masu sa ido, kuma in shekara ta ƙare da rara ana raba wa waɗanda ba su karɓi komai ba. Ya yi kama da yadda 'yan kasuwa ke haɗa wa ɗan'uwansu in shagonshi ya ƙone, sai dai an tsara shi tun kafin gobarar. Suna yin tad fati suna yin cikakkiya, saboda haka zaɓin bai rage maka ba. Ka zauna da malaminka ka nuna mashi takardar, hankalinka zai fi kwanciya.

Wani abu a gurguje tunda mu 'yan bakin iyaka ne. Dubu 15 ɗin nan an ce ta haɗa da katin ECOWAS na tsallaka ƙasa, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025, don haka in za ka bi ta Kongolam ko ta Jibiya ka shiga Nijar, ka fara tambayar kamfaninka ko takardarka na aiki a can kafin ka tada mota.

To ni wacce zan ce ka ɗauka? Tambaya ɗaya nake yi wa kowa, in ka wayi gari gobe babu motar nan, wata nawa ko shekara nawa za ka yi kafin ka sayi wata? Mai tsohuwar Golf da ta sha hanya, wadda ko an sace zai iya lallaɓawa ya maye gurbinta, tad fati ta gaske ta ishe shi, ya riƙa ware wani abu duk wata don gyara. Alhajin da ke da motoci uku a gida shi ma zai iya ɗaukar asarar. Amma kai ka gaya mana da bakinka shekaru ka yi kana tarawa, kuma kana kan hanyar Daura duk mako, wani lokaci da dare. Dubu 400 in ka raba ta wata 12 ta kama kusan dubu 33 da ɗoriya a wata, na san ga mai albashi ba ƙaramin abu ba ne, ga mai ga makarantar yara ga cefane. Duk da haka da ni ne kai cikakkiya zan yi ta hanyar takaful, ko da shekara biyun farko ne da motar ke da darajarta, daga baya in ta tsufa in sauko zuwa ƙaramar. In kuma ka duba aljihu ka ga dubu 400 za ta taɓa abincin gida, to kada ka ci bashi saboda ita, ka yanki tad fati ta gaske, ka tambaye su wata ta tsakiya da ke haɗa tad fati da gobara da sata wadda ba ta kai cikakkiya tsada ba, ka sa tiraka, wato na'urar gano inda mota take, da makullin sitiyari, ka daina barinta a waje da dare.

Ka je kamfani biyu ko uku da kanka, kada ka aiki kowa, kowanne ya rubuta maka farashi da kason da za ka ɗauka da abubuwan da ba ya biya. In ka karɓo ka ɗauki hotonsu ka rufe sunanka da lambar mota ka turo nan, insha Allahu mu duba tare kafin ka biya.