Direban DM542 a kan injin sassaƙa, cikin zafin Jidda

Duk mai harhaɗa injin sassaƙa na CNC (wanda kwamfuta ke sarrafawa) da hannunsa, in dai moton da ya ɗaura mai girman NEMA 23 ne, ya daure ya sayi direba DM542, wato na'urar da ke ba moto wuta tana juya shi taku-taku. Uku ne a kan injina a nan Jidda, kowane moto da nasa. Yawancin aikina ragar katako ce irin ta roshan, tagogin nan na tsoffin gidajen Al-Balad, kuma aiki ne da ba ya son gargada. Moto ya tsallake taku kaɗan, ramuka sun daina haɗuwa, allo guda ya tashi a banza.

Da can wasu ƙananan direbobi masu arha nake amfani da su, marasa ko sunan kamfani a jiki. In injin yana tafiya a hankali sai ya riƙa kakkarwa, ka shafa gefen yankan ka ji gurzi-gurzi. Da na sauya, ƙarar ta koma ƙasa sosai, gefen katako ya fito sumul, aikin sanfefa ya ragu.

Amma fa daɗinsa yana ga saiti. Ƙananan maɓallai takwas ne a gefensa. Ukun farko na ƙarfin wutar da za a ba moto ne, daga amfiya 1.0 zuwa 4.2. A nan mutane ke son su ƙure, wai don injin ya yi ƙarfi. Ni ban yarda da hakan ba a garin da rana ke kusan digiri 40 a bazara, ga gumi. Motona 2.8 aka rubuta masa, sai na tsaya a layin 2.84 na jadawalin da ke jikin direban. Ya wadatar da MDF (allon garin katako da aka matse) da katako mai laushi, kuma bayan doguwar sassaƙa ina iya ɗora hannu a kan moton. Maɓalli na huɗu kuwa na bar shi a kashe, domin hakan ke sa direba ya rage wuta kusan rabi idan moto ya tsaya. Wannan maɓallin kaɗai ya isa a yaba wa na'urar.

Wutar shiga daga volt 20 zuwa 50 yake ɗauka. Volt 36 na ba shi. Idan moto ya rage gudu farat ɗaya yakan maido da wuta baya, wanda ya matsa kusa da 50 kuwa yana iya ganin jar fitila ta kama, injin ya tsaya ana tsakiyar aiki.

Maɓallai huɗun ƙarshe su ke yanka taku ƙanana. Moton nan taku 200 yake yi a zagaye guda, direban kuma yana iya kai shi har 25,600. Kada adadin ya ruɗe ka. Ni 1,600 na zaɓa. Sandar zarena tana tafiya milimita 5 a kowane zagaye, ka raba ka sami taku 320 a kowace milimita, shi ne abin da na rubuta wa GRBL, manhajar da ke tuƙa injin, a saitin $100 da $101. Arduino Uno, 'yar na'urar da ke turo wa direba bugun taku, ba ta wuce bugu kusan 30,000 a daƙiƙa, ke nan da 320 kana da gudun da ya haura milimita 5,000 a minti. Ka hau 6,400, gudun ya faɗo wajen 1,400, kuma katako ba zai nuna maka wani bambanci ba.

Mai saye ya duba gefe da kyau: wasu sababbin samfuran suna da ɗan maɓallin zaɓar volt 5 ko 24 na sigina. In yana kan 24 kuma Arduino ce ke turo bugu, moto ko motsi ba zai yi ba. Sannan kada a kuskura a zare wayar moto alhali wuta na kunne, direba na iya ƙonewa. Akwatin da na zuba direbobin na sa masa fanka da ƙyallen tace ƙura, saboda garin MDF yana toshe komai.

Mai ƙaramin injin leza da moto NEMA 17 ba ya bukatar kashe wannan kuɗin. Mai NEMA 34 kuma ya nemi babban yayansa, DM860.