Garejin da ya auna injin Corollata kafin a sauke shi

Masu tambayata game da garejin nan na hanyar Dukku a Gombe, inda ake auna matsin inji da geji, ga abin da na gani da idona.

Corollata ce ta fara kakkarwa in ta tsaya, ta kuma daina jan hawa. A hanyar Kaltungo har manyan motoci ke wuce ni. Wasu makanikai sun kasa kunne kawai suka yanke hukunci: zoben fistin ya cinye, a sauke inji a ɗora ɗan Kwatano. Kowa dai ya san inda kuɗin ɗan Kwatano ya kai yanzu. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Ogan garejin nan bai ce uffan ba sai da motar ta ɗauki zafi. Sannan ya cire kwayil, ya kwance fulogi huɗun duka, ya zare fis ɗin famfon mai. Na ce, "Oga, me ya haɗa fis da awo?" Ya ce, "Alhaji, motarka injekta ce. In ban yanke mai ba, fetur zai yi ta fesuwa cikin silinda yana wanke baƙin mai, geji ya yi mana ƙarya." Ya ɗaura gejin a ramin fulogi, yaronsa ya take totur har ƙasa ya murza makulli, inji ya juya sau biyar ko shida. Silinda ta ɗaya ta ba da psi (ma'aunin ƙarfin matsi) 170, ta biyu 168, ta huɗu 172. Ta uku kuwa allura ta maƙale a 95.

Gabana ya faɗi, amma shi ko a jikinsa. Ya zuba baƙin mai kamar cokali guda a ramin ta ukun, ya sake aunawa, allura ba ta ɗaga ba. Ya ce da zobe ne, man zai toshe inda iska ke zurarewa, lamba ta hau. Da kuma silinda biyu maƙwabta ne suka faɗi tare, da gasket zai zarga. Saura bawul ke nan. Aka buɗe kan injin, sai ga bawul ɗin hayaƙi bakinsa ya ƙone ya gutsire. Wallahi daɗin da na ji ba ya misaltuwa. Injin da aka ce ya mutu, ga shi yau yana kai ni Bauchi ya dawo da ni lafiya lau.

Wannan ne ya sa na kai musu Peugeot 504 ta Baba, kuma a nan raina ya ɓaci. Oga ya fita, yaransa suka karɓi aikin. Inji da sanyinsa, fulogi ɗaya-ɗaya suke cirewa, wayar kwayil na nan a jone, cok ɗin da ke rage wa inji iska a ja, ba wanda ya taka totur. Mota mai kafireta in ba a buɗe mata maƙogwaro ba, ta ina iska za ta shiga har a matse ta? Duka huɗun suka nuna ƙasa da 110, ɗaya daga cikin yaran ya dubi dattijo ya ce, "Baba, wannan sai dai a yi haƙuri." Baba yana ji da motar nan, fuskarsa ta canza nan take.

Da Oga ya dawo ya maimaita yadda ya kamata, duka suka kama wajen 140, bambancinsu bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Ko haƙuri bai ba Baba ba, kuma kuɗin awo biyu ya nema. Abin ya tuna mini ma sun bar wa Corollata fitilar inji a kunne, kujerar direba duk maiƙo.

Ku je, aikin mutumin yana da kyau, amma ku kira tukuna ku tabbatar shi da kansa zai riƙe gejin.