Cicero ko Claudius: da wanne za a fara?

'Yar'uwa, kin ce an ba ki sunayen ƙagaggun labarai biyu a kan tsohuwar Rum, Imperium na Robert Harris da I, Claudius na Robert Graves, kina tambayar wanda ya fi dacewa da mai farawa da bai san tarihin Rumawa ba. Shawarata ki fara da Harris, duk da cewa a ganina na Graves ya fi shi nauyi.

Akwai inda suka yi tarayya. Dukansu da Turanci aka rubuta su, kuma kowanne ya cike gurbin wani littafi ne da ya ɓata. Tiro, bawan Cicero (fitaccen lauya kuma ɗan siyasar Rum) kuma magatakardansa, ya rubuta tarihin ubangidansa, bai iso gare mu ba. Sarki Claudius shi ma ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya salwanta. Sai Harris ya ari bakin Tiro, Graves ya ari bakin Claudius. Daga nan kowa ya kama hanyarsa.

Imperium ya fito a 2006, kuma labarin zamanin jamhuriya ne, lokacin da Rum ba ta da sarki. Cicero baƙo ne a siyasar birnin, ɗan wani gari Arpinum, ba wanda ya taɓa zama a majalisar dattawa a gidansu, ba shi da runduna, kuɗin ma na matarsa Terentia ne. Bakinsa kawai ya mallaka. Rabin farko na littafin shari'ar Verres ce, gwamnan da ya wawashe tsibirin Sisili, a shekara ta 70 kafin miladiyya. Cicero ya je tsibirin da kansa ya tattaro shaidu, ya dawo ya tarar ana neman a ja shari'ar har sabuwar shekara, lokacin da abokan Verres za su hau kujeru. Sai ya ajiye doguwar huɗubar buɗe ƙara da lauyoyi suka saba, ya shiga kiran shaidu ɗaya bayan ɗaya. Hortensius, lauyan Verres da ake tsoro a Rum, ya rasa ta cewa, Verres ya tattara ya gudu Massilia, wato Marseille ta Faransa a yau. Kina bin wannan, ba ki ankara ba kin koyi yadda kotunsu take, yadda ake hawa muƙamai daki-daki har konsul, kujerar da mutum biyu ke riƙewa shekara guda, da yadda ake raba kuɗi a sayi ƙuri'a. Wanda ya taɓa ganin daren jajibirin zaɓen fid da gwani ba zai ji baƙunta ba.

Laifinsa ɗaya a wurina. Harris tsohon ɗan jaridar siyasa ne, shi ya sa wani lokaci Rumawansa ke magana kamar 'yan majalisar Ingila da aka naɗe da mayafi.

Shi kuwa I, Claudius tun 1934 ya fito, ba zaɓe a cikinsa, ba kotun kirki, sai cikin gida. Jamhuriya ta mutu, Augustus, sarki na farko bayanta, shi ne da iko, gidansa kuma ana ta mutuwa. Claudius, ɗan wannan gidan, yana ɗingishi, yana i'ina, danginsa sun ɗauke shi wawa, wannan rainin ne ya tsare masa rai a zamanin Tiberius da Caligula, sarakunan da suka biyo bayan Augustus. Littafin ya ƙare a shekara ta 41 miladiyya, da aka kashe Caligula, dakarun fada suka zaƙulo Claudius a bayan labule suka ɗora shi a kan mulkin da ba ya so. Muryar mai ba da labarin ce abin burgewa, yana faɗin kisan kai a natse kamar mai karanta lissafin kasuwa, da ba'a a ƙasan harshe.

Sai dai a yi hattara da Livia, matar Augustus. Tacitus, marubucin tarihin Rum wanda ya yi rubutu kusan shekara 100 bayan mutuwar Augustus, zargi kawai ya kawo cewa tana da hannu a mutuwar magada. Graves ya mai da zargin tabbas, ya ba ta kwalbar guba, har da yawa daga masu karatu sun ɗauka haka tarihi ya ce. Harris ya fi tsayawa kusa da hujja domin ɗaruruwan wasiƙun Cicero da huɗubobinsa suna nan ana karanta su. Akwai kuma ɓarnar fadar Caligula, ko da yake Graves bai tsaya zayyana ta ba, a sani kafin a miƙa wa yaro.

Abin da ke kayar da mai farawa a Graves shi ne sunaye. Drusus ya fi ɗaya, Julia ta fi ɗaya, Agrippa daban, Agrippina daban, ga auren zumunci da ɗaukar ɗa sun cakuɗa dangantaka. In kin zo kansa, ki zana bishiyar gidan Augustus a takarda ki ajiye kusa. Kafin nan, Imperium yana da ƙanne biyu, Lustrum na 2009 da Dictator na 2015, waɗanda suka bi Cicero har kashe shi a shekara ta 43 kafin miladiyya. A na ukun ne za ki haɗu da wani saurayi Octavian, wanda shi ne tsohon nan Augustus da za ki tarar a littafin Graves.