Sabon Tamron ko Canon na hannu? Amsa ga mai neman zum 24-70

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana da kyamarar Canon 6D Mark II, kana son zum, wato lens ɗin da ake murɗawa ya matso da abu ko ya nisanta shi, mai 24-70mm f/2.8 (lambar f ita ce faɗin ƙofar haskensa, ƙaramar lamba ƙofa babba) saboda aikin taro da hotunan mutane da ɗan bidiyo jefi-jefi, kuma kuɗin da ka tara ya tsaya tsakanin abu biyu, ko sabon Tamron 24-70 G2 dal a kwali da garantinsa, ko Canon 24-70 L na hannu da wani yake son rabuwa da shi. Toh na yi aiki da irin wannan na yi da irin wancan, bari in faɗa maka yadda nake ganin abin.

Da farko dai ba ka faɗi wane Canon ɗin ba ne, kuma rabin amsar a nan take. 24-70 f/2.8L na bakin EF, wato irin mahaɗin lens da kyamararka take amfani da shi, iri biyu ne. Akwai na farko da ya fito a 2002, akwai mai lamba II da ya fito a 2012. Gane su ba wuya, na farkon filtarsa 77mm ce kuma in ka murɗa shi zuwa 24 ne yake miƙewa ya yi tsawo, saɓanin yadda aka saba, na biyun kuwa filtarsa 82mm kuma ya fi sauƙin nauyi, giram 805 ne shi wancan kuma 950. Na 2002 an ƙera shi ne lokacin da mutane da yawa suna kan fim, kyamarorin dijital ɗin ma megafiksel ɗinsu bai taka kara ya karya ba, yanzu ka ɗora shi a kan megafiksel 26 na kyamararka sai gefe-gefen hoton su fara tona masa asiri musamman a f/2.8. In shi ake son sayar maka, ni dai ban ga abin dogon tunani ba, Tamron ɗin da ya fito a 2017 zan ɗauka, tsakaninsu shekara 15 ce ta ci gaban ƙira, kuma jan zoben nan da ke bakin L, alamar manyan lens ɗin Canon, ba ya goge wannan tazarar. In kuwa mai II ne toh a nan ne maganar ta zama magana, don wannan lens ɗin har yau ana ji da shi.

Mu ɗauka mai II ɗin ne. Wajen kaifin hoto, in an samu lafiyayye, Canon ɗin yana gaba, an fi ganin haka a f/2.8 da kuma kusurwoyin hoto. Amma gaskiya tazarar ba irin wadda mai karɓar hoto zai gani ba ce, sai kai da kake zuƙo hoton a kwamfuta kana leƙen gashin ido. Ka rage su duka zuwa f/4 ko f/5.6 ka jera hotunan, da ƙyar ka ware na wane da na wane. Zamanin da ake yi wa Sigma da Tamron da Tokina kallon kayan maneji ya wuce, tun wajen 2012 da Sigma ta fito da jerin Art abubuwa suka canja, dukkansu kamfanonin Japan ne da suka shekara gommai suna wannan sana'ar.

Inda Tamron ya yi wa Canon ɗin fintinkau shi ne abin hana rawar hannu, wanda su suke kira VC. Canon 24-70 f/2.8L na EF, da na farko da na biyu, babu mai shi a cikinsu, kuma ita 6D Mark II sensarta ba ta motsi don ta rage girgiza, kenan in ka ɗaura Canon ɗin hannunka ne kawai gatanka. Tamron ce ma ta fara saka wannan abin a 24-70 f/2.8 tun a 2012. A aikace ga abin da hakan yake nufi: a 70mm ba tare da shi ba kana buƙatar gudun shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, kamar 1/80 na daƙiƙa kafin ka kwantar da hankalinka, da shi kuwa zaka iya sauka 1/15 ko ƙasa hoton ya fito tsaf in dai abin da kake ɗauka a tsaye yake. Ka lura da wannan sharaɗin fa, rawar hannunka kawai yake gyarawa, yaron da ke gudu ko mai jawabi da ke wurga hannu sai dai ka ɗaga shata. Amma tunda ka ambaci bidiyo, wallahi bidiyon hannu ba tare da wannan abin ba wahala ce, kowane numfashinka sai ya fito a allo.

Sai maganar fokos, nan kuma Canon ne da gida. Dalilin shi ne a bakin EF su Tamron da Sigma ba a ba su sirrin yadda kyamara da lens suke magana ba, su suka zauna suka warware abin da kansu, shi ya sa a can baya wasu tsofaffin lens na waje suka riƙa ƙin aiki da sabbin kyamarori har sai an sake musu kwakwalwa. Yanzu abin ya gyaru sosai, amma har gobe a wuri mai ƙarancin haske, ko in mutum yana tahowa wajenka da sauri kana binsa da fokos, na gida ya fi saurin cafka kuma ya fi yawan dacewa. Na taɓa aiki a wani ɗakin taro da fitilunsa duk jajaye ne marasa ƙarfi, zum ɗin wani kamfanin waje ne a kyamarata, mai karɓar kyauta ya miƙa hannu, ina jin motar fokos tana zuwa gaba tana dawowa tana lalube, kafin ta tsaya har an gama musabaha an juya. Hoto ɗaya ne tak, amma shi ne wanda mutumin ya zo nema daga baya, abin ya daɗe yana damuna. Ba kullum hakan ke faruwa ba, cikin ɗari ƙila 'yan kaɗan ne, sai dai kai ka san irin aikinka, ka san ko waɗannan 'yan kaɗan ɗin zasu iya ja maka asara.

Akwai kuma matsalar fokos ya sauka ɗan gaba ko ɗan bayan inda ka nufa, ka saita ido sai kunne ya fito da kaifi. Wannan ciwon kyamarori masu madubi a ciki ne irin taka, kuma kowane lens yana iya yinsa har na Canon. Kyamararka tana da wurin gyara shi a cikin menu, gefen 24 daban gefen 70 daban. Tamron kuma suna da wata 'yar na'ura TAP-in Console da kake ɗora lens ɗin a kai ka jona da kwamfuta, ka daidaita fokos a tsayi daban-daban da nisa daban-daban, ka kuma sabunta manhajar cikinsa da kanka, Sigma ma suna da tasu USB Dock. Saye ake yi daban, kuma sai ka ware yammaci guda ka zauna da ƙafar kyamara da haƙuri, amma in ka yi sau ɗaya ka huta.

Ƙananan abubuwa da mutane ba sa faɗa sai ka saya: zoben zum na Tamron yana juyawa ne ta ɓangaren da na Nikon yake juyawa, wato akasin na Canon, in kana da wani zum na Canon kana musanyawa a tsakiyar aiki hannunka zai riƙa ruɗewa na wasu makonni. Ya kuma fi Canon II nauyi da kamar giram 100. Sannan gyaran da kyamarar Canon take yi wa hoto a cikinta, irin duhun kusurwa da sauransu, lens ɗin Canon aka yi wa, in JPEG kake bayarwa kai tsaye wannan abin dubawa ne, in RAW, wato ɗanyen hoto, kake ɗauka kana gyarawa a manhajar Lightroom ba komai ba ne don akwai bayanan duka biyun a ciki.

Yanzu ga inda ni na fi ba wa nauyi, kuma inda nake ganin yawancin masu ba da shawara suke tsallakewa. Duk yabon da ka karanta a kan Canon II yabon sabo ne ko lafiyayye. Kai kuwa wani guda ɗaya tak zaka saya, mai tarihin da ba ka sani ba, kuma 24-70 f/2.8 lens ne na masu neman abinci, ba kasafai ake sayensa a ajiye a durowa ba, yawancinsu sun sha rataya da karo da ƙofa da ruwa da ƙura shekara da shekaru. Zum kuma ba kamar lens mai tsayi ɗaya ba ne, a cikinsa akwai rukunin gilasai da ke zamewa a kan 'yan ƙananan tayoyi da kebul siriri da ke lanƙwashewa duk murɗawa ɗaya, waɗannan suna cinyewa, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta karkatar da gilashi guda ba tare da ko ƙwarzane ya fito a waje ba. Ni ya taɓa faruwa da ni, na sayi zum na hannu na wani babban kamfani, jikinsa fes kamar ba a taɓa shi ba, na gwada a fuskar mutum ɗaya hoto ya yi kyau na biya. Sai da na ɗauki hoton mutane kusan ashirin a jere na buɗe a kwamfuta, na dama da na tsakiya ras, mutum huɗun da ke hagu kuwa kamar an shafa musu man shafawa a fuska. Mai gyara yana karɓa ya juya bayansa ya nuna min kan sukurorin, duk sun sha sukundireba, wato an taɓa buɗe shi. Ba ni da wanda zan kai wa kuka, gyaran kuma ya cinye rangwamen da na yi murnar samu.

Saboda haka in zaka je ganin Canon ɗin, tafi da kyamararka da tocila. Cire murfin gaba da na baya ka haska ta ciki, 'yar ƙura ba komai ba ce kowane zum yana da ita, abin gudu shi ne fumfuna mai kama da saƙar gizo-gizo ko wani hazo da ya lulluɓe gilashin ciki. Duba sukurorin baya da zaren da filta take ɗaurewa, in ya lotsa to ya taɓa faɗuwa ta baki. Murɗa zum daga 24 zuwa 70 a hankali ka ji ko akwai inda yake cijewa, ka riƙe hancin da ya fito ka ɗan girgiza ka ga ko yana lilo. Rage shi zuwa f/16 ka danna maɓallin duba zurfin fokos kana kallon ganyayyakin ƙofar haske na ciki, su rufe su buɗe nan take ba maiƙo a jikinsu. Sai babban gwajin, nemi bango mai bulo ko wani abu mai nisa, tsaya daidai saitinsa, ɗauka a f/2.8 a 24 da 50 da 70, ka zuƙo kusurwoyi huɗun ka gwama su da juna. Laushi kaɗan a duka huɗun daidai ne, amma ɗaya ta fi sauran lalacewa to ka mayar masa da kayansa. In mai shi ya ƙi ba ka minti ashirin na wannan, ko daga nesa za a aiko maka ba damar mayarwa, wannan cinikin biri a sama ne, kar ka shiga.

Shi sabon kuwa ba wai ba a samun mai matsala ba ne, ana samu, bambancin shi ne akwai inda zaka mayar. Garantin Tamron dogo ne, a Amurka shekara 6 suke bayarwa, wasu ƙasashen bai kai haka ba, kuma sai ta hannun dilan da kamfanin ya amince da shi yake aiki, don haka ka tambaya tun kafin ka biya, ka kuma adana rasit. Garantin Canon ɗin kuwa ya daɗe da ƙarewa.

Wajen sayarwa nan gaba Canon ne zai fi riƙe maka kuɗi, don wanda ya saye shi sabo ya riga ya sha faɗuwar farashin, kai kuwa ranar da ka yage kwalin Tamron ranar darajarsa zata fara sauka. In kuma kana tunanin komawa kyamara marar madubi irin Canon R6, duka biyun suna hawa ta adaftar EF zuwa RF, wato bakin ita R6 ɗin, na Canon ba wata hidima, na Tamron ka tabbata manhajarsa ta ƙarshe ce a ciki. A can ma R6 tana da hana girgiza a jikin sensa, kenan babban gibin Canon II ya toshe. Wannan ya danganta da yaushe zaka koma ɗin, in sai nan da shekara uku ne kar ka sayi lens ɗin yau saboda kyamarar da ba ka mallaka ba tukuna.

Ni a matsayinka, da 6D Mark II a hannu, da bidiyo a cikin aikin, kuma lens ɗaya ne zai riƙe min sana'a ba ni da na ko-ta-kwana, Tamron sabo zan ɗauka in kwana da hankalina. Abin da zai sa in juya shi ne in Canon ɗin mai II ne, na riƙe shi da hannuna ya tsallake gwajin bangon nan, mai sayarwa ya yarda in dawo da shi cikin 'yan kwanaki in wani abu ya ɓullo, kuma yawancin aikina na abu mai motsi ne a wuri mai duhu. Ka duba jikin lens ɗin ko hoton da aka turo maka ka gaya min ko akwai II a rubuce bayan L ɗin, ka turo da hoton sukurorin bayansa ma in gani.