Na'urar OBD2 ta waya: ta yi min amfani amma ba ta ganin matsalar iyabag

Jama'a masu son gyara cikin mota da kansu, ga abin da na gani game da 'yar na'urar nan ta OBD2, mai karanta matsalolin mota daga kwamfutarta, mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, wadda ake saidawa da arha a shagunan kayan mota. Corolla gare ni 'yar Kwatano, ƙirar Amurka, a nan Birnin Kebbi nake hawanta. Na sa mata rediyo mai allon Android, na sauya ƙwayayen ciki zuwa LED, na kuma sa sabbin rigunan kujera saboda na asali duk rana ta cinye su. Da na gama na tada mota sai ga fitilu uku a dashbod, ta inji da ta VSC (tsarin hana mota zamewa) da kuma jar nan mai hoton mutum da balan-balan a gabansa, wato ta iyabag, jakar iskar nan da ke buɗewa ta kare mutum in an yi karo.

Haɗa na'urar ba wuya wallahi. Soket ɗin yana ƙarƙashin sitiyari, mai fil 16, duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi, na Turai kuma masu fetur daga 2001. Ka soka ta, ka murɗa makulli, ka buɗe manhajar a waya shi ke nan. Ta nuna min lambar matsala P0420, matsalar katalis ke nan, matatar hayaƙin da ke jikin salansa, abin nan da makanikai ke ce wa indomi, ashe tsohuwar matsala ce da mai motar na farko ya goge kafin ya saida, ba ruwanta da aikin da na yi. Ita kuma VSC a Toyota sau da yawa bin ta inji take yi, in waccan ta kama ita ma sai ta kama, ina gogewa duka biyun suka mutu tare. Na san ta injin za ta dawo tunda ba a gyara katalis ɗin ba, amma dai yanzu na san me ke damun motar, ba wanda zai ce min a sauke inji.

Wani abin da na ji daɗi shi ne tana nuna wutar batir. Mota a kashe ya kamata ka ga wajen 12.6, in tana aiki tsakanin 13.5 da 14.5. Wannan na da muhimmanci ga mai sa rediyon Android, domin a wayoyin rediyon jar waya ta makulli ce, rawaya kuma wuta ce ta kullum, masu sauri sukan murɗe su wuri guda sai rediyo ya kwana yana shan batir, da safe a ce a zo a tura.

To amma ta iyabag fa ko alama. Na bincika ta ce babu matsala alhali jar fitila na kallona. Dalili kuwa irin waɗannan masu arha yawanci lambobin inji kawai suke karantawa, masu farawa da P, su kuwa na iyabag da B suke farawa kuma a wata kwamfutar daban suke. Wanda ya saida min bai faɗa min haka ba, ya ce komai tana gani, a nan ne raina ya ɓaci gaskiya, don in mutum bai sani ba zai ɗauka fitilar ce kawai ta rikice ya ci gaba da harkarsa, alhali muddin tana kunne iyabag na iya ƙin buɗewa ranar da aka yi karo. Ni kuma ina ɗaukar iyali zuwa Jega da Argungu, ga manyan motoci ga dabbobi suna tsallaka titi, hankalina bai kwanta ba sam.

Mai wayarin na farko da na je wurinsa cewa ya yi ranka ya daɗe kawo a cire ƙwan ko a liƙe shi da baƙin salatif kowa haka yake yi. Na ce masa a'a maigida, na gode. Na biyun dattijo ne mai babbar na'ura, ya soka ya duba ya ce matsalar na ƙarƙashin kujerar mai zaman banza. Igiyar rigar kujerar ce da aka ɗaure ta ƙasa ta ja soket mai ruwan ɗorawa har ya saki kaɗan, da ido ba za ka gane ba. Abin da ya burge ni, bai taɓa ba sai da ya cire kan batir na negetib ya jira, ya ce Toyota na son a ba ta aƙalla daƙiƙa 90 saboda akwai sauran wuta a cikin kwamfutar. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in sa mita ko ƙwan gwaji a kan duk wata waya mai rawayan soket, 'yar wutar nan na iya tada iyabag a fuskar mutum. Ya mayar da soket ɗin har ya yi ƙas, ya bi da igiyar ta wani gefe, ya goge lambar, muka tada mota fitilar ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu yadda ya kamata.

LED ɗin ba su ba ni matsala ba tunda na cikin mota ne kawai. In na sigina za ka sauya ka sani wutar da suke ja kaɗan ce, mota za ta ɗauka ƙwai ya ƙone sigina ta riƙa ƙyaftawa da sauri, sai ka sa resisto mai ƙara jan wuta ko ka sauya rile, abin da ke sa sigina ƙyaftawa.

In tauraro biyar ake bayarwa uku zan ba ta. Kuɗinta bai kai na rabin tankin mai ba kuma tana hana a yi maka ƙarya a kan inji. Amma in aikinka zai kai ga kujera ko sitiyari ko tsakiyar dashbod, ka tambayi mai shago ƙarara ko tana karanta SRS, wato na iyabag, da ABS na birki, ya gwada a motarka a gabanka kafin ka biya.