Canon 600D ko Tecno Camon don bikin ƙauye? Ga tawa shawarar

Ƙanena, tsakanin kyamarar Canon 600D ɗin nan ta hannu da sabuwar wayar Tecno Camon da ka ce kuɗinsu ya zo kusan ɗaya, Canon za ka ɗauka. Tun da bikin ƙanwar taka a ƙauye za a yi shi, can wajen Kalfu, kuma bayan girbi, kar ka tsaya wasu-wasi. Irinta ce a hannuna, na jima da ita, kuma yawancin aikin da ta yi mini a ƙauyukan Adar ta yi shi.

Bikin ƙauye ba ya da tsarin da za a miƙo maka a takarda. Babu kujerar ango da amarya, babu fitilu, babu mai riƙe da abin magana yana kiran dangi su zo a ɗauke su. Kowa harkarsa yake yi: tsofaffi a kan tabarma, mata a bakin murhu, samari sun ɗora shayi a gindin bedi. Kyan hoton wannan rana shi ne ka samu mutane a yadda suke, ba su ankara da kai ba. To waya ba ta ba ka wannan damar. Gilashinta, wato idon da take ɗaukar hoto da shi, mai faɗi ne, in kana son fuska ta cika hoto sai ka matsa har gaban mutum, kuma da ka ɗaga ta an gama. Yara za su yi maka dafifi, ƴammata su gyara lulluɓi su karkata kai, tsoho ya haɗe rai kamar mai ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa. In ka ja zum daga nesa kuma, hoton ya dagule.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa nake ji da tawa. Bikin wani ɗan baffana ne a wani ƙauye kusa da Bambay. Da hantsi aka ɗaura aure a ƙofar gida. Na tuɓe takalmi na samu gefe na jingina da katanga, kyamara a kan cinya, da gilashin 50mm a jikinta. Da liman ya ɗaga hannu za a shafa fatiha, sai idona ya kai kan waliyyin amarya, dattijo ne mai farin gemu. Tafukansa a buɗe, duk kanta ta fartanya, goro guda yana maƙale tsakanin yatsunsa, idonsa ya ciko. Daga inda nake zaune na ɗauka, bai ma san an yi ba. Da hoton ya fito, shi kaɗai ne tsaf, jama'ar da ke bayansa da rumbunan gero duk sun narke sun zama launi kawai. Can da la'asar gwaggona ta ba ni izini na tsaya a bakin zaure. Mata uku na lugude a turmi ɗaya, ɗayarsu ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu kafin ta cafe. Na samu taɓaryar a iska, garin gero yana tashi cikin hasken yamma, ita kuma tana dariya har wushiryarta ta bayyana. Hotunan nan biyu na kai an wanke manya, suna rataye a ɗakin amaryar har yau. Duk wanda ya shiga sai ya tsaya a kansu.

Abin da ke kawo wannan ba wani asiri ba ne. Canon 600D tsohuwa ce, a 2011 ta fito, kuma megafiksel 18 gare ta, alhali a kwalin Camon za ka ga an rubuta 50 ko 64. Kar lambar ta ruɗe ka. Farantin da ke karɓar haske a cikin Canon ya kai milimita 22 a tsawo da kusan 15 a faɗi, na waya kuwa bai kai rabin haka ba. Shi ya sa wayoyin nan suke haɗa ɗigo huɗu su mai da shi ɗaya, hoton da suke ba ka a zahiri na megafiksel 12 ne ko 16. Girman farantin nan shi ke sa fata ta fito da laushinta, zaren rawani ya fito ɗaya-ɗaya, kuma in an faɗaɗa hoton don bango bai fashe ba.

Amma ka ji da kyau: kyamarar kaɗai ba ta isa ba. Yawanci da gilashin 18-55mm ake sayar da ita. Ka riƙe shi, zai yi maka amfani wajen hoton taro da cikin ɗaki. Sai dai ka ƙoƙarta ka ƙara da Canon 50mm f/1.8, ko tsohon samfurin ko STM ɗin da ya fito a 2015 mai gindin ƙarfe. Yana cikin masu araha a gilasan Canon, kuma hasken da yake sha ya kusa ninki goma na abin da 18-55 ke sha in an ja shi ƙarshe. In aljihu bai kai ba, akwai irinsa na kamfanin Yongnuo, yana da ƙara kuma yana jinkirin kama fuska, amma ya fi babu. Ka sa kyamarar a kan Av, wato inda kai ke zaɓar lambar f mai nuna buɗewar gilashi, ka bar gilashin a f/2.8 in mutum ɗaya kake so, f/5.6 ko f/8 in mutane ne da yawa. Ka kashe ƙarar nan da take yi in ta kama fuska, don kar ta riƙa tsuwa ana tsakiyar addu'a.

Sai maganar farar shadda, wadda ita ce ke ɓata wa sababbin masu ɗauka aiki. Ango da abokansa za su fito fes cikin farare, rana kuma ta take. Kyamara in ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske da kanta, rigar ta fito daidai, fuska ta koma baƙi ƙirin. A jikin Canon akwai maɓalli mai alamar ƙari da ragi a kusa da babban yatsanka. Ka danne shi ka murza zuwa +1, ka duba, in bai isa ba ka ƙara kaɗan. Gara shadda ta ɗan ƙone da a rasa fuskar ango. Kuma in rana ta kai tsaka, ka bar ɗaukar mutane a fili. Ka neme su a ƙarƙashin rumfa ko a inuwar katanga. Inuwar itace ka kula da ita, don hasken da ke ratsowa ta ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare. Lokacinka na gaske daga fitowar rana ne zuwa wajen ƙarfe 9, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba. In aka yi sa'a akwai ɗan hazon hunturu, ka gode Allah, yana tausasa hasken, komai ya yi ruwan zuma.

Wani abin da mutanen birni ke mantawa shi ne wuta. Batirin 600D, wato LP-E8, yana kai hoto wajen 440 a caji ɗaya in ta ƙaramin ramin ido kake leƙawa. In ka buɗe allon baya kana kallo kamar waya, zai ragu fiye da rabi. Da batir biyu ka wuni ka kwana ba ka nemi wurin caji ba. Akwai kuma ƴar caja mai USB ta wannan batirin da ake haɗawa da fawa bank, ka neme ta. Waya kuwa ita ce ta kira, ita ce tocila, ita ce za a yi ta bugo maka ana tambayar hanya, ga neman rezo da ke shanye batir a ƙauye. Kafin azahar sai ka ga kana neman mai sola.

Ita Camon ɗin, ba zan ce ba ta da kirki ba. Kamfanin ya yi ƙoƙari wajen fitar da baƙar fata, kuma bidiyonta ya fi na 600D sauƙin ɗauka. Iyakarta ke nan a wurina. Tana da halin goge fuska ta haskaka ta har kakar amarya ta rasa tamojinta, in rana ta buge ta kuma ta ɗau zafi ta fara nauyi.

Inda waya za ta yi maka rana wuri biyu ne, kuma wadda ke aljihunka yanzu ta isa. Na farko cikin ɗakin amarya. Kai namiji ne, ko da yayanta ne akwai lokacin da ba za a bar ka ka shiga ba, wajen lalle da wanka da jere. Ka ba wata ƴar'uwarku mai hankali wayarka, ka ce mata ta zaunar da amarya kusa da ƙofa, haske yana dukan gefen fuskarta, ita kuma mai ɗauka ta ba ƙofar baya ko gefe. Na biyu daren kai amarya. Gaskiya 600D ba ta son duhu, in ISO, wato ƙarfin jin haskenta, ya wuce 1600 hoton ya fara yashi, filashin kanta kuma yana ƙona na gaba ya bar na baya a duhu. A nan ka samu fitilar sola mai ƙarfi ko biyu, ka ba yaro ya riƙe daga gefe, ba daga bayanka ba. Guɗa da waƙar rakiya kuma a waya za ka naɗe su, don muryoyin ake so.

Kyamarar ba ta da wifi. Ka sayi ɗan abin karanta kati da ake soka wa waya, a daren ka kwashe hotunan, su zama wuri biyu. In za ka tura wa dangi ta WhatsApp, ka tura a matsayin dokima, wato fayil, in ba haka ba zai matse su. Canjin gilashi kuma kar ka yi shi a fili lokacin hunturu. Ka shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka yi da sauri. In kan babur za ka je, ka naɗe ta a rawani ka sa a leda kafin jaka.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma dole in faɗa maka, don masu sayar da kayan hannu ba duka ne ke tsoron Allah ba. Kowa zai ce maka “kamar sabuwa ce, wata baturiya ce ta yi amfani da ita”. Kar ka saurari baki, ka duba jiki. Robar wurin riƙo in ta saɓule ko ta yi sulɓi, rubutun maɓallai in ya goge, ta sha aiki a hannun mai situdiyo. Kusoshin jikinta in sun ci, an taɓa buɗe ta. Ka cire gilashin ka ɗaga shi sama ka haska da tocila: in ka ga wani abu kamar saƙar gizo a ciki, fumfuna ce, tana kama kayan da suka daɗe a garuruwan bakin teku masu laima, kuma ba ta goguwa da tsumma. Ka murza zoben zum, in ka ji ƙaras-ƙaras yashi ya shiga. Ka sa f/22 ka ɗauki farin bango, duk dattin da ke kan faranti zai fito ɗigo-ɗigo. Ka juya allon baya ta kowane gefe ka ga ko yana ɗaukewa. In ka ga an rubuta Rebel T3i ko Kiss X5 a jiki, kar wani ya ƙara maka kuɗi da sunan wata ce daban, ita ce dai 600D, sunanta ne na Amurka da na Japan. Kuma in ka ci karo da 700D a kuɗin da bai yi nisa ba, ɗauke ta, batirinsu ɗaya.

Katin ajiya ya fi komai ba ni tsoro. Akwai na jabu da aka rubuta 64GB ko 128GB a jiki alhali cikinsa bai kai ba. Zai yi ta karɓar hoto lafiya lau, sai ka zo buɗewa ka tarar rabi sun lalace, aure kuwa ba a sake ɗaura shi don mai hoto. Ka sayi guda biyu na 32 a shagon da za ka iya komawa, ka cika kowanne da bidiyo tun a gida, ka buɗe na farko da na ƙarshe ka gani. Batir ma haka, na jabu ya fi yawa, ka gwada shi wuni guda. In a Facebook ka ga tallar, ko daga Yamai ko daga ina, kar ka aika ko dala sai kai ko wani naka ya riƙe kyamarar ya ɗauki hoto da ita.

Ka saye ta da sauran lokaci, ko mako biyu ne kafin bikin. Ka je da ita fada ka yi ta ɗaukar abokanka da safe da rana da yamma, har yatsanka ya san maɓallan ba ka duba ba. In ka isa ƙauyen, ka fara gaida dattijai ka nemi izininsu, matar da ta kau da kai ka ƙyale ta, kuma kar hoton kowa ya hau intanet ba da yardarsa ba, balle na amarya. In kun dawo Tawa ka zaɓi masu kyau a wanke maka, ka aika musu da su, don yawancin tsofaffin can ba su da wayar kallon hoto.

In ka samu wadda ta kwanta maka, ɗauki gabanta da bayanta da cikin gilashin ka turo mini kafin ka biya, zan duba maka.