Ruwan sha a karkara: wace hanya ce za ta ɗauki buƙatar shekara ashirin?

Kuskuren da aka fi yi wajen samar wa ƙauye ruwa shi ne a ƙirga mutanen da ke nan yau, a gina musu daidai cikinsu. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara tana ninkawa cikin shekara 24, saboda haka ƙauyen mutum 500 zai kai kusan 900 nan da shekara 20. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 ga kowane mutum a rana a matsayin mafi ƙaranci, amma da zarar famfo ya matso kusa da gida, abin da ake kashewa yakan kai lita 50, domin wanda ya daina ɗaukar jarka a ka ba ya ƙara yin tsimin ruwa. Ke nan ƙauyen zai buƙaci lita 45,000 a kullum, ban da shan dabbobi da abin da ke zurarewa ta yoyon bututu.

Da wannan lissafi a hannu, yawancin zaɓuɓɓukan sukan faɗi da kansu. Buɗaɗɗiyar rijiya tana da sauƙin haƙawa, sai dai guga da igiya suna shigar mata da ƙazanta, kuma takan ƙafe a tsakiyar rani. Tara ruwan sama taimako ne kawai. Famfon tuƙa-tuƙa irin su Afridev da India Mark II yana da amfani ga ƙaramar unguwa, amma ba ya jawo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 45 zuwa 50, kuma bakin fitar ruwa guda ɗaya ne gare shi komai tsawon layi. Famfo mai aiki da janareta kuwa, ranar da mai ya yanke ruwa ya yanke.

Ni dai a wurina babu kamar rijiyar burtsatse mai famfon sola da tanki a sama. Ba ta cin mai, farantan sola masu kyau suna kai shekara 20 zuwa 25 suna aiki, sannan lokacin da rana ta fi zafi, wato lokacin da aka fi buƙatar ruwa, shi ne lokacin da famfon ya fi ƙarfi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ana iya faɗaɗa ta a hankali: a ƙara faranti, a ƙara tanki, a ja bututu zuwa sabuwar unguwa, matuƙar an binne babban bututu mai faɗi tun farko. Sai dai a tuna cewa rana mai ƙarfi ba ta wuce awa 5 zuwa 6, don haka lita 45,000 na nufin rijiyar ta iya ba da kimanin lita 7,500 zuwa 9,000 a awa, idan kuma ba za ta iya ba, gara a tsara rijiya biyu. Tanki ya ɗauki aƙalla ruwan yini guda saboda ranakun hadari, kuma tsayinsa shi ke tura ruwa zuwa gidajen nesa.

A wajen haƙa rijiyar ne na taɓa ƙonewa. Wani ɗan kwangila ya haƙa mana rijiya a ƙarshen damina, ruwa ya yi tsartuwa, kowa ya yi murna, aka biya shi har da tukuici. Takardarsa ta ce mita 80. Da bazara ta yi, famfo ya fara tari yana fitar da iska da yashi, har ya ƙone. Muka ɗaura ƙarfe a igiya muka zura, ya taɓa ƙasa a mita 46.

Tun daga ranar ba na yarda da zurfin da ban gani da idona ba. A sa mutum ya zauna a wurin haƙa yana ƙirga sandunan da ke shiga ƙasa, a kuma ƙirga bututun da aka zura. A duba kaurinsa, domin wasu sukan sa bututun magudanar ruwa mai laushi, wanda ƙasa ke matsewa cikin 'yan shekaru. A tabbata an zuba tsakuwa wankakkiya a kewayen matatar, wato ɓangaren bututun mai ƙananan ramuka da ruwa ke shiga ta ciki, an kuma toshe saman ramin da siminti, sannan rijiyar ta yi nisan aƙalla mita 30 daga masai. Kada a biya kuɗin ƙarshe sai an yi gwajin jan ruwa na awa 24 ba tsayawa, ana rubuta yadda ruwan ke sauka da yadda yake dawowa, kuma an kai samfurinsa ɗakin gwaji. Ruwa yana iya zama garau amma yana ɗauke da sinadarin da ke lalata haƙoran yara.

Jabun kaya ma sun cika kasuwa. Akwai farantan da aka liƙa musu takardar ƙarfin da ba su da shi, akwai kuma tsofaffin famfunan da aka yi wa fenti aka sa a sabon kwali. A nemi lambar kowane kaya da takardar garanti, a sa mai gyaran lantarki ya auna faranti a cikin rana kafin a ɗora shi. A kuma nace sai an haɗa na'urar da ke kashe famfo idan ruwa ya ja baya, wadda rashinta ne ya cinye mana namu.